Saje, saksafon da Dutsen Kufena: nazarin wani aikin naɗar sauti a fili

Mutum biyu ne a cikin wannan lamari, kawu da ɗan ƙanwarsa. Kawun tsohon ɗan badujalar soja ne, ya yi ritaya da muƙamin saje, yana zaune a Tudun Wadan Zariya, kuma har yau Saje ake ce masa a unguwa. Ɗan ƙanwar ɗalibi ne a Samaru, yana da ƙaramar na'urar naɗar sauti da makirfo biyu, da su yake ɗaukar wa mutane walima da wa'azi ya sami na kashewa. Abin da suka sa a gaba shi ne su naɗi busar saksafon ita kaɗai, ba ganga, ba fiyano, ba murya, kuma a waje maimakon situdiyo. Dutsen Kufena suka zaɓa. Aikin ya ci hunturu ɗaya da kaka ɗaya, abin da ya fito a ƙarshe kuwa ya sha bamban da abin da kowannensu ya ƙudurta tun farko. Na saurari abin da aka naɗa, wanda aka fitar da wanda aka ajiye, na kuma ji ta bakin kowannensu daban.

Inda ra'ayin ya fito

Ra'ayin na yaron ne. A intanet ya ci karo da aikin Paul Winter, wani Ba'amurke mai busa ƙaramar saksafon, wanda ya riƙa shiga Grand Canyon, makeken kwazazzabon nan na jihar Arizona, yana busa ana naɗa. Ya fitar da faifai ɗaya a 1985 tare da abokan kiɗansa, ya kuma fitar da wani a 1997 wanda busarsa ce ita kaɗai a tsakanin duwatsu. Abin da ya kama yaron shi ne yadda sauti ke daɗewa yana yawo bayan mabushi ya cire baki, da kukan tsuntsayen da ke shigowa a tsakani. Sai ya ce ai mu ma muna da dutse, ga kuma mabushi a gida.

Siffar wurin ce bai sa a lissafi ba. Grand Canyon rami ne, kogin Kolorado ya tsaga shi tsawon kilomita 446, zurfinsa a wasu wurare ya kai wajen mita 1,800. Wanda ya tsaya a ɗaya daga cikin lungunansa bango ne dama da hagu da gaba, sauti ya bugi wannan ya koma wancan har ya gaji don kansa. Kufena kuwa tudu ne, curin dutse da ya taso a tsakiyar fili, bayansa a dunƙule. Rami yana tara sauti, tudu yana watsar da shi. Daga nan kusan duk wahalar farko ta samo asali.

Saje bai ɗauki maganar da zafi ba, amma bai ƙi ba, don busa a fili ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Adolphe Sax, ɗan ƙasar Beljiyam da ya koma Faris da zama, shi ya ƙera saksafon, ya yi mata rajista a 1846, kuma badujalar sojan Faransa na cikin waɗanda suka fara rungumarta, saboda ta haɗa ƙarfin kayan tagulla da laushin kayan kara. Ta hannun soja da majami'u da makaɗan gidajen rawa ta shigo garuruwa irin Zariya, inda ake horar da kuratan soja tun zamanin Turawa, ga kuma makarantar soja ta yara da aka kafa a 1954. A filin fareti Saje ya koyi busa, cikin rana da ƙura. Sai dai busar fareti ta taro ce, mutum talatin ko arba'in, ga ganguna, kowa na rufa wa kowa asiri. Mutum ɗaya a gaban makirfo kuwa komai nasa a waje yake, har jan numfashi da ƙarar maɓallai. Tasa saksafon matsakaiciyar nan ce da ake kira alto, tsohuwa, duk ta goge a inda yatsu ke taɓawa.

Hawan farko

A tsakiyar hunturu suka fara, don lokacin ne yaron ke hutu. Bayan sallar asuba suka hau babur, suka bi ta Wusasa, suka ajiye shi a gindin dutsen, suka hau da ƙafa har kusa da ƙololuwa. A tunanin yaron, sama ta fi nisa da hayaniya.

A sama babu abin da zai mayar da sauti. Saje ya busa, busar ta tafi ba ta waiwayo ba. Mabushi yana jin kansa ne ta abin da bango da rufi ke dawo masa da shi. Da ya rasa wannan sai ya riƙa ƙara ƙarfi bai sani ba, sautin ya yi kaushi, numfashinsa ya riƙa yankewa kafin ya kai inda ya nufa. Ga iska. Ta hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, a kan tudu kuwa ba abin da ke tare ta. Soson da ke zuwa da makirfo don ɗaki aka yi shi, a fili iska na ratsa shi ta haifar da wani gurnani mai kauri da ke danne komai. Maganinsa rigar gashi da ake sa wa makirfo, wadda yaron ba shi da ita a lokacin. Daga baya wani tela a Sabon Gari ya ɗinka masa daga yadin gashin roba irin wanda ake yi wa 'yar tsana.

Kayan busar ma sun yi gardama. Sautin saksafon daga wani siririn harshen kara yake tashi, wanda ake ɗaurewa a bakin busa. Karan wani iri ne mai kama da gora, wanda ya fi suna shi ne na yankin Var a kudancin Faransa, kuma sai ya jiƙe yake kaɗawa daidai. A bushewar hunturun Zariya, 'yan mintunan da ake tsayawa a gyara waya sun isa harshen ya bushe, bakinsa ya tattare, ya riƙa tsuwa a tsakiyar busa. Fatun da ke toshe ramukan jikinta su ma sun bushe sun ja, iska na zurarewa ta gefensu, sautukan ƙasa masu kauri suka ƙi fita. Tagulla ta yi sanyi, numfashi da ɗumi, sai ruwa ya taru a wuyanta ya riƙa ɓul-ɓul a cikin sauti. Leɓen Saje ya tsage, sai da man kaɗanya.

Wata matsalar ba a gane ta ba sai da aka dawo gida. Sanyi na sauke sautin kayan busa, zafi na ɗaga shi, saboda gudun sauti a iska na ƙaruwa da wajen mita 0.6 a daƙiƙa kan kowane digiri ɗaya na zafi. Daga fitowar rana zuwa hantsi a hunturu zafi na iya tashi da digiri 10 ko fiye. A lissafi wannan na iya ɗaga sauti da kusan sulusin tazarar da ke tsakanin maɓallan fiyano biyu masu maƙwabtaka. A aikace bai kai haka ba tunda numfashin mabushi na ɗumama cikin kayan, amma ya isa kunne ya kama. Mai busa shi kaɗai ba ya saɓa wa kowa, shi ya sa a wurin ba a lura ba. Da yaron ya zo haɗa farkon busar sassafe da ƙarshenta da aka sake da hantsi, sai gaɓar ta fito fili. Daga ranar suka yanke cewa kowace busa a tashi ɗaya za a yi ta, in ta ɓaci a koma farko.

A gaban mai unguwa

Ba su kaɗai suka sauko ba. Da asubar sanyi, iskar da ke kwance a ƙasa ta fi wadda ke samanta sanyi, wannan kuwa na lanƙwaso sauti ya dawo ƙasa maimakon ya tashi. Shi ya sa ake jin kiran sallar unguwa mai nisa da ƙarar tirela a hanyar Kaduna garau da asuba, da rana kuwa a neme su a rasa. Busar da Saje ke gani ta ɓace a iska, a tsakar gidajen mutane ta sauka.

Kufena kuma yana da nauyi a wurin Zage-zagi. Tarihin baka ya sa shi cikin wuraren da aka zauna kafin birnin Zariya na yanzu, shi da Turunku, kuma yana cikin duwatsun ƙasar Hausa da tun dā ake dangantawa da iskoki, kamar Dala a Kano. Ba sai mutum ya yarda da wannan ba kafin gabansa ya faɗi in ya ji busar da bai san irinta ba tana saukowa daga kan dutse gari bai gama wayewa ba. A haɗa da zamanin da ake ciki: baƙi biyu da baƙar jaka da sandunan ƙarfe da wayoyi, a kan tudun da ake hango ƙauyuka daga kansa. 'Yan sintiri suka same su a can, suka tasa su gaba har ƙofar gidan mai unguwa, ya sa aka buɗe jakar a gabansa.

"Ranka ya daɗe, kayan busa ne," in ji Saje. "Ni tsohon soja ne, ga katina. Wannan ɗan ƙanwata ne."

"To Saje, kai da ka san doka, ka shigo gari ba sallama? Ko a bariki haka ake yi?"

"Ba haka ake yi ba, ranka ya daɗe. A yi haƙuri."

"Taken wa kake busawa?"

Tambayar nan ita ce babba, yaron kuwa bai gane ta ba sai da kawunsa ya warware masa a hanya. A ƙasar Hausa busa ba ta cika zama babu mai ita ba. Algaita da kakaki da farai na sarauta ne, kowane basarake da takensa, a wajen 'yan bori kuma kowane iska da kiɗan da ake kiransa da shi. Mai unguwa so yake ya san ko wani aka zo kira a kan dutsen, mutum ko wanda ba mutum ba. Saje ya haɗa kayan ya busa masa ɗan guntu nan a ƙofar gida, yara suka taru, aka yi dariya, magana ta mutu.

Amma an gindaya sharuɗɗa. Ba busa sai rana ta fito sosai, a tashi kafin azahar, ban da ranar Juma'a. A aiko tun ana gobe za a zo, a tafi da yaro ɗaya daga unguwar, kada a ratsa gonar kowa in akwai amfani a cikinta. Na farkon ya fi yi wa ɗalibin ciwo, domin ya raba shi da sa'ar da iska ke kwance gari ke shiru. A ganina mai unguwa ya yi daidai, har ma ya yi sassauci. Wani da haka nan zai ce kada a sake ganinsu.

Taku 112

Suka bar sama suka koma gindi, suna zagayawa suna tafa hannu suna saurare. Sauti na tafiyar wajen mita 340 a daƙiƙa a sanyin safiya. Kunne ba ya raba amsa-kuwwa da ainihin sauti sai tsakaninsu ya kai wajen kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wato sai bango ya yi nisan mita 17 ko fiye. Ƙasa da haka sautin kauri kawai yake ƙarawa. Yawancin jikin dutsen a kishingiɗe yake, sama yake cilla sauti. A ƙarshe suka sami wata fuska da ta miƙe tsaye, manyan duwatsun da suka gangaro sun yi mata ɗan lungu a gefe, ga fili a gabanta, dutsen kansa kuma ya tare musu iska.

Wurin tsayuwar Saje ne ya samo shi, kuma yadda ya yi shi ne abin da ya fi burge ni a duk lamarin. Ya fara daga jikin dutsen yana ja da baya, yana tafi a kan lokacin maci, taku 120 a minti, wato tafi ɗaya kowace rabin daƙiƙa. Shekarun fareti sun dasa masa wannan ma'auni a jiki. Yana ja yana tafi, amsar na faɗowa a tsakanin tafi da tafi, har ya kai inda ta hau kan tafin gaba cif ta ɓace a cikinsa. Ya ce nan ne. Da yaron ya lissafa sai ya ga haka abin yake: a rabin daƙiƙa sauti na cin mita 170, tafiya da dawowa, wato mita 85 daga dutsen. Takun soja inci 30 ne, wajen santimita 76, don haka taku 112. Suka jera 'yan duwatsu a wurin don kada ya ɓace musu.

Wurin nan ya sake wa Saje busa gaba ɗaya. Duk sautin da ya fitar zai dawo masa bayan taku ɗaya ya haɗu da na gabansa. In ya yi gudun yatsu irin na biki, sai komai ya cakuɗe. In ya jera sautukan da suka yi kusa da juna sosai, sai amsar ta yi karo da sabon. Ya gwada salon mai algaita, wanda ke cika kumatu yana shaƙa ta hanci yana busawa ba yankewa, sai ya ga sautin da ba ya yankewa ba ya barin a ji dutsen. Daga nan ya koma ga sautuka biyar ɗin nan da yawancin waƙoƙinmu na gargajiya ke tafiya a kansu, waɗanda kusan kowane biyu a cikinsu na iya zama tare ba faɗa. Ya rage gudu, ya riƙa gajarta jimla yana barin fili a bayanta. Dutsen ya zama masa ɗan amshi, shi kuma ya koyi jiran amshin kamar yadda kowane mawaƙi ke yi.

Duk da haka hunturu bai bar su ba. Busasshiyar iska na shanye siraran sautuka a doguwar tafiya fiye da mai laima, har ninki biyu da ɗoriya, don haka amsar ta riƙa dawowa a dushe. Harshen kara kuma bai daina tsuwa ba. Saje ya ce a dakata sai kaka.

"Kawu, sai nan da wata tara fa."

"Dutsen zai tafi wani wuri ne?"

A tsakani aka sake wa saksafon fatu, aka wanke ƙurar da ta shige gaɓoɓinta, aka sami ƙaramar kwalba da ɗan jiƙaƙƙen soso don ajiye harsunan kara.

Makirfo na nesa

Da ruwa ya ɗauke suka koma. Iska da sauran laima, ba ta da ƙarfi, kayan busa sun saki jiki. Sai dai kaka lokacin gona ne, mutane ko'ina.

A nan ainihin lamarin yake. A fili, duk sanda nisa ya ninka, ƙarfin sauti na raguwa da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Makirfon kusa yana wajen mita 2 daga Saje, an saita shi tsakanin buɗaɗɗen bakin saksafon da hannunsa na hagu, tunda sautin ta ramukan jikinta ma yake fita, ba ta baki kaɗai ba. Amsar dutsen kuwa sai ta yi tafiyar mita 170, ninki 85 ke nan, wanda ya rage ta da wajen desibel 38 ko da dutsen ya mayar da komai bai riƙe komai ba. Saje na jin ta da kunnensa in ya cire baki, amma a na'ura da ƙyar take motsi. Dabarar ita ce a kai makirfo na biyu nesa da mabushi, mita 10 zuwa 15, inda ainihin busar ta yi rauni, sannan a ƙara masa ƙarfi. Da aka yi haka amsar ta fito sarai.

Ta fito da 'yan rakiya. Makirfon da aka ƙara wa ƙarfi har ya ji dutse daga mita 85, zai ji duk abin da ke wannan fili. Akwai kurciya da hasbiya, akwai makwarwa a cikin dawa, akwai gyare. Akwai kuma babur a hanyar ƙauye, injin niƙa, luguden daka, rediyon wani manomi, gudumar masu fasa dutse, da ƙananan jiragen koyon tuƙi da Zariya ta saba da su tun da aka kafa kwalejinsu a 1964. Amsar dutse da motsin unguwa a makirfo ɗaya suke, kuma ƙarfinsu kusan ɗaya. Wanda ke son wancan dole ya ɗauki wannan.

Wasu abubuwan ba a yi musu a kansu ba. Sautin alto mafi kauri yana wajen kaɗawa 139 a daƙiƙa, saboda haka yaron ya datse duk abin da ke ƙasa da 80, gurnanin iska da na manyan motoci ya ragu, busar ba ta rasa komai ba. Jirgi in ya taso a jira ya wuce. Masu fasa dutse aka roƙe su, aka ba su na goro su huta ɗan lokaci. Musun a kan sauran ne.

Yaron ya zauna a gaban kwamfuta da nufin ya bar tsuntsaye ya share babur da injin niƙa da turmi, ya rubuta a jikin aikin cewa a tsakiyar daji aka naɗa. Manhajar share hayaniya kuwa ba ta san bambancin wutsiyar amsa-kuwwa da ƙarar inji mai nisa ba, duka raunanan sautuka ne a bayan busa. Ta cinye amsar tare da baburin, ta bar wani sauti mai rawa-rawa mara daɗi. Sai ya cike gurbin da amsa-kuwwar kwamfuta irin ta babban zaure, ya kai wa kawunsa.

Saje ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wannan ina ne?"

"Kufena ne, Kawu. Na ɗan gyara ne."

"A'a, ɗana. Ba inda na tsaya ba ne wannan. Amsar ba ta faɗuwa a kan taku. In haka za ka yi, me ya kai ni hawa dutse da tsufana? Ai da a ɗakinka muka yi."

Hujjar yaron ba ta banza ba ce, kada a zalunce shi. Ya ce masu neman irin wannan busa a intanet natsuwa suke nema, babur kuwa na katse ta. Ya ce babu aikin naɗar sauti da ba a taɓawa, kuma su waɗancan na Amurka ma zaɓen sa'a suke yi, su zaɓi busar da ta fi. Duk gaskiya ne. Inda ban bi shi ba shi ne rubutun. Zaɓen sa'a dabarar aiki ce, amma cewa daji shaida ce a kan wuri, kuma shaidar ba ta tsaya ba. Gonaki har gindin dutsen, mutane na zaune a kewayensa tun kafin a gina ganuwar Zariya, kuma akwai mai unguwar da sai da izininsa aka busa. Matatar da yaron ya shirya tana barin tsuntsu ta goge mutum, mutanen da ta goge kuwa su ne suka ba da wurin.

Shi kansa Saje ba da wannan ra'ayi ya fara ba. A hunturu har tsuntsayen so ya yi a cire, don ɗan badujala sauti tsaf ya sani. Abin da ya juya shi yana nan a ɗaya daga cikin busar: ana tsakiya sai luguden daka ya tashi daga wani gida, ya ɗan fi lokacinsa sauri, shi kuma ya bi shi bai shirya ba, har amsar dutsen ta riƙa faɗowa a bayan taku maimakon a kansa. Da turmin a ciki, kowa zai ji dalilin saurin. A wanda aka share, sai ka ce tsoho ne ya kasa riƙe lokaci.

Muryar da ba a nema ba

Yaron ya sauko, har ya zarce. Busar da ta fi kowace kyau, a nasa kunnen da nawa, wata ce doguwa da aka yi da hantsi. Wajen ƙarshenta, Saje na riƙe da dogon sauti, sai wata mata daga gidan da ke bakin gona ta ƙwala wa 'yarta kira da sunanta, ta yi mata ɗan faɗa, ta yi dariya. Makirfon nesa ya kama komai tar. Yaron ya ce wannan shi ne wurin da gaske, ita za a sa a farko.

Saje ya ce ba za a sa ba. "Matar mutane ce, ba ta san ana naɗa ba. Izinin busa aka ba mu, ba a ba mu izinin ɗaukar muryar matan gari ba."

"Kawu, ai kai ka ce kada a goge komai."

"Cewa na yi kada a yi ƙarya. Ban ce a kai cikin gidan mutum kasuwa ba."

Suka daidaita a kan a tambaye ta. Ta hannun mahaifiyar yaron da ke raka su aka aika da busar a waya. Matar ta saurara, an ce har ta yi dariya, ta sa aka sake kunna mata, sannan ta ce a'a. Yanke muryar ba zai yiwu ba tunda a kan dogon sautin ta hau, kuma an riga an ga abin da manhaja ke yi wa amsar dutse. Saje ya sake busa ta a wata safiyar, ta fito da kyau, amma duk wanda ya ji ta farkon ya san ba ta kamo ta ba.

Abin da aka fitar

Busa shida aka fitar, wajen rabin sa'a. Ba a ƙara amsa-kuwwar kwamfuta ba. Baburin na nan a ta uku, turmin a ta biyar. A rubutun da ke tare da su an ce a gindin Dutsen Kufena aka naɗa, a kaka, da hantsi, an kuma jera abubuwan da za a ji. An kai wa mai unguwa kwafi a katin waya. Abokan yaron masu aikin situdiyo sun ce aikin bai da tsabta, kuɗi kuwa bai kawo ba, ko na harsunan karan da aka ɓata.

Abu biyu ne nake ganin ba su cika ba, tunda su suka ɗora wa kansu ma'aunin faɗin gaskiya. An jera busar shida kamar a safiya ɗaya aka yi su, alhali daga ranaku daban-daban aka tsinto su. Rubutun kuma ya ce abin da aka ji shi ne abin da ke wurin, bai ambaci cewa shirun gudumar masu fasa dutse saye aka yi ba. Ban ga laifin sayen ba, da yardarsu aka yi kuma an biya su. Layi ɗaya ya isa a faɗa. Yaron ya ce zai ƙara na ranakun, na gudumar kuwa yana ganin ya yi ƙanƙanta.

Busar da ke da muryar matar tana nan a kwamfutarsa. Saje ya ce a goge ta, tunda mai muryar ta ƙi. Yaron ya ce ajiyewa daban, fitarwa daban, kuma ita ce busa mafi kyau da kawunsa ya taɓa yi a gaban makirfo. Har lokacin da na rabu da su ba su daidaita ba, kuma babu wanda ya koma ya tambayi matar ko a'arta ta haɗa da ajiyewa.